Babi na Shida: Jikin Nan Amana Ne

A shekarar 2023 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya, wato NAFDAC, ta fito fili ta ce shafa man bilicin ya zama matsalar lafiya ta ƙasa baki ɗaya wadda ke bukatar matakin gaggawa. Tun kafin nan, a 2011, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wata takarda da ta ce kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da mayukan ƙara hasken fata. Wannan adadi ya samo asali ne daga binciken da aka yi a tsakanin 'yan kasuwa a Legas, saboda haka ba daidai ba ne a ɗora shi a kan kowace mace daga Sakkwato har Kalaba. Amma wanda ya ratsa layin masu kayan kwalliya a Taminus ta Jos, ko a Sabon Garin Kano, ko na Zariya, ba ya bukatar rahoton kowa kafin ya san cinikin yana gudana. Masu sayen kuwa namu ne. Akwai 'yan ƙungiyar mawaƙa a cikinsu, akwai 'yan zumuntar mata, akwai malaman makarantar Lahadi, akwai kuma maza da dama da ba sa son a faɗa. Ranar Lahadi suna furtawa da bakinsu cewa Allah ne ya halicce su, aikinsa kuma ba shi da aibi; ranar Litinin suna tsayawa gaban madubi suna jin kunyar wannan aikin. Tsakanin abin da baki ke furtawa da abin da ido ke yanke wa jiki hukunci akwai rata mai faɗi, kuma wannan babi a kanta ya tsaya. Abin da nake son tabbatarwa shi ne, karɓar jiki da godiya da kula da shi da ƙauna wajibi ne na bangaskiyar Kirista, raina shi kuwa, ko da an lulluɓe rainin da sunan tawali'u ko sunan gayu, saɓa wa koyarwar Littafi Mai Tsarki ne.

Sai mu fara da abin da ake yi wa jikin, domin maganar tauhidi ba ta da nauyi in ba ta san ciwon da take magana a kansa ba. Launin fata yana fitowa ne daga wani sinadari mai suna melanin, wanda wasu ƙwayoyin halitta a cikin fata suke samarwa. Yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin mutumin Norwe da na mutumin Langtang. Bambancin yana ga yawa da irin sinadarin da suke fitarwa. Aikinsa shi ne tare hasken rana mai ƙuna, wanda ke lalata fata har ya kai ga ciwon daji. Shi ya sa in aka duba taswirar duniya za a ga duhun fatar mutanen asali na kowane yanki yana tafiya tare da ƙarfin ranar yankin. Mai bilicin tana kashe wannan kariya ce, a ƙasar da rana take dukan mutum kusan kowace rana ta shekara. Abubuwa uku ne suka fi yawa a cikin mayukan da kuma haɗin da ake sayarwa ba lakabi. Na farko haidirokwinon, wanda ke hana fata yin melanin. In aka daɗe ana shafa shi yakan bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da goshi, tabon da ke da wuyar magani ƙwarai. Na biyu magungunan sitiroyid irin su kilobetasol, waɗanda likita kan rubuta na ɗan lokaci don cutar fata. Masu shafa su shekara da shekaru fatarsu takan yi siriri, nankarwa ta fito, rauni ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa, maganin kuma ya ratsa cikin jini ya jawo hawan jini da ciwon suga. Na uku makuri, wanda ke lalata ƙoda da jijiyoyi, yana kuma kaiwa ga jaririn da ke ciki da wanda ke shan nono. Saboda haɗarinsa ne yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa wa kayan shafa iyaka a kansa, ƙasashe irin su Kwaddibuwa da Ghana da Ruwanda kuma suka kafa dokokin hana irin waɗannan mayuka.

Launi ba shi kaɗai ba ne. A garuruwanmu da yawa ramammiyar budurwa ko amarya tana shan gori, sai ta nufi kemis ta sayi abin da ake kira sha-ka-fashe. Galibi maganin ƙaiƙayi da mura ne mai suna saifuroheftadin, wanda ke buɗe ciki ya sa barci, ko kuma deksametason, wanda ke tara ruwa da kitse a fuska da ciki, ya ɗaga suga, ya raunana ƙashi. A daidai lokacin da take haɗiyar ƙwaya don ta cika, wata yarinya sa'arta a Landan ko Niyok tana hana kanta abinci don ta rame, har ta kamu da cutar ƙin abinci, wadda ke cikin cututtukan tunani mafi kisa. Dukansu biyu sun tabbata cewa jikinsu ne yake da laifi. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai tunani ya tambaya: wa ya kafa ma'aunin? Amsa mafi bayyana ta fito ne daga tsibirin Fiji. Mutanen can sun daɗe suna yaba cikar jiki, suna ɗaukar rama alamar rashin lafiya ko rashin kulawar dangi. A 1995 talabijin ya isa yankin Nadroga da shirye-shiryen Amurka da Ostareliya. Wata likitar tunani daga jami'ar Harvard, Anne Becker, ta yi bincike a kan 'yan matan sakandare a shekarar, ta sake yi a 1998. A karon farko ba a sami ko ɗaya da ke jawo wa kanta amai don rage ƙiba ba. Bayan shekara uku an sami kusan kashi 11 cikin ɗari. Jikin 'yan matan bai sauya ba a cikin shekarun nan uku, abin da aka nuna musu ne ya sauya. Yau wayar hannu ta ɗauki aikin talabijin ta ninka shi. A 2021 takardun cikin gida na kamfanin Facebook da wata tsohuwar ma'aikaciyarsa, Frances Haugen, ta fallasa sun nuna kamfanin da kansa ya gano cewa kusan ɗaya cikin uku na 'yan matan da aka tambaya sun ce in suna jin haushin jikinsu, Instagram yana ƙara musu. Ma'aunin da yake sauyawa daga ƙasa zuwa ƙasa, daga shekara zuwa shekara, kuma kullum akwai mai kwalba a gefe yana jiran kuɗi, ba daga wurin Allah yake ba. Na kasuwa ne, kasuwa kuma tana cin riba ne daga wanda bai gamsu da kansa ba.

Ma'aunin Littafi Mai Tsarki dabam yake tun daga shafin farko. Babi na farko na Farawa ya ce an halicci mutum, namiji da mace, cikin siffar Allah, kuma yabon da Mahalicci ya yi wa aikinsa a rana ta shida ya zarce na sauran kwanakin. Babi na biyu ya nuna shi yana siffata mutum daga ƙasa kafin ya hura masa numfashi, wato jikin ba ragowar aiki ba ne da aka jefa rai a ciki. Zabura ta 139 ta kai maganar har cikin mahaifa, inda mai zabura ya ga hannun Allah a haɗuwar gaɓoɓinsa, abin da ya biyo baya a bakinsa kuma godiya ce. Ko'ina a waɗannan wurare ba a gindaya sharaɗin launi ko tsawo ko ƙira ba. Masu fataucin bayi da malaman da suka goya musu baya sun daɗe suna yaɗa cewa baƙar fata la'anar Ham ce, har yau kuma akwai masu ɗauke da wannan magana a zuci ba tare da sun buɗe Farawa 9 ba. Wanda ya buɗe zai ga Kan'ana aka la'anta, ba a ambaci launin kowa ba. Mutanen Kush kuwa, mazauna kudu da Masar a inda Sudan take yau, Littafin yana ambatonsu da daraja. Musa ya auri Bakushiya, Maryamu da Haruna suka yi gunaguni a kansa saboda ita, Allah ya tsaya wa Musa, Maryamu ta yi kwana bakwai a bayan zango da cutar fata. Bakushe ne, Ebed-melek, ya yi ƙarfin halin fuskantar sarki ya ciro Irmiya daga rijiya sa'ad da manyan Urushalima suka bar shi ya mutu, Allah kuma ya aika masa da alkawarin tsira da sunansa. A Ayyukan Manzanni 8, mala'ikan Ubangiji ya tura Filibus hanyar hamada musamman domin ma'ajin sarauniya Kandakatu, baƙin mutum daga bakin Kogin Nilu, ya yi masa baftisma tun bishara ba ta taka Turai ta hannun Bulus ba.

Littafin bai ƙi kyau ba. Ya yaba kyan Saratu da Rifkatu da Yusufu da Esta ba tare da kunya ba, Dawuda ma an ce kyakkyawa ne. Abin da ya ƙi shi ne a mai da kyau ma'aunin darajar mutum, kuma ya nuna hakan ta labari bayan labari. Saul ya fi kowa tsawo a Isra'ila, sarautarsa ta ƙare da baƙin ciki a Dutsen Gilbowa. Absalom ba wanda ya kai shi shan yabo saboda kyau, ya tayar wa mahaifinsa, ya mutu a rataye a itace. Annabi Sama'ila da kansa ya ruɗu da ƙirar Eliyab a gidan Yesse, har sai da Allah ya tuna masa cewa duban mutum a waje yake tsayawa, na Allah kuwa zuciya yake kaiwa. Labarin da ya fi taɓa wannan babi shi ne na Lai'atu, wadda mijinta ya fi son ƙanwarta Rahila saboda kyau, ta yi shekaru tana sa wa 'ya'yanta sunayen da ke nuna begen samun ƙaunarsa. Farawa 29 ta ce Allah ya ga halin da take ciki. Daga cikinta Lawi ya fito, kakan firistoci, daga cikinta kuma Yahuza ya fito, kakan Dawuda da Almasihu. Matar da gidan aurenta ya ajiye a baya ita ce aka ɗora wa zuriyar ceto.

Hujja mafi girma ita ce Yesu da kansa. Bangaskiyar Kirista ta tsaya ne a kan cewa Ɗan Allah ya ɗauki jiki na gaske: ya gaji har ya zauna a bakin rijiya, ya yi barci a jirgi, ya ji ƙishirwa a kan gicciye. Marubutan bishara huɗu sun rubuta maganarsa da ayyukansa dalla-dalla, amma ba wanda ya gaya mana tsawonsa ko launinsa ko kamannin fuskarsa, annabcin Ishaya 53 ma ya nuna Bawan Ubangiji ba shi da kamannin da ke jan ido. Ikkilisiyar farko ta yi gwagwarmaya mai tsanani don kare wannan gaskiya. Tun zamanin manzanni akwai masu cewa Almasihu kama da mutum kawai ya yi, don a ganinsu jiki ƙazanta ne da Allah ba zai taɓa ba, wasiƙar Yahaya ta fari kuma ta mai da shaidar zuwansa cikin jiki gwajin da ake gane ruhun gaskiya da shi. Marsiyon, wanda ikkilisiyar Roma ta fitar wajen shekara ta 144, ya koyar da cewa wani ƙaramin allah ne dabam ya yi duniyar da ake gani. Ireniyus na Liyon ya rubuta littattafai biyar wajen shekara ta 180 yana rushe irin wannan koyarwa. Agustin, ɗan Arewacin Afirka daga garin da yake cikin Aljeriya a yau, ya yi kusan shekara tara yana bin ɗarikar Mani mai ɗaukar jiki kurkukun rai, daga baya ya tuba ya shafe shekaru yana rubutu a kan kuskurenta. Majalisar Kalsidon ta 451 ta tabbatar cewa Almasihu cikakken Allah ne kuma cikakken mutum. Duk Lahadin da muka tashi muka furta Shaidar Bangaskiya ta Manzanni, muna shaida tashin jiki, kuma gadon wannan gwagwarmaya muke riƙe da shi. Kiristan da yake ƙyamar jikinsa ya koma gefen Marsiyon da Mani, ko da bai taɓa jin sunansu ba.

Mai karatu mai tsoron Allah zai iya tsayar da ni a nan, kuma yana da hujja. Ashe Yesu bai ce wa mai binsa ya musunci kansa ya ɗauki gicciye ba? Ashe Bulus, a wasiƙarsa ta biyu ga Timoti, bai sa masu son kansu a kan gaba cikin jerin mugayen mutanen kwanakin ƙarshe ba? Haka ne, kuma akwai wata koyarwar zamani da ta cancanci wannan tsawatarwa, wadda ke gaya wa mutum cewa shi ne cibiyar duniya, abin da ransa ya so shi ne doka. Amma abubuwa biyu ne a nan, kuma malaman ikkilisiya sun daɗe da rarrabe su. Akwai son kai wanda ke ɗora mutum a kan kujerar Allah ya danne maƙwabci, akwai kuma ƙaunar kai wadda ke neman wa mutum alherin da Allah ya nufe shi da shi. Na biyun ne Yesu ya ɗauka a matsayin abin da kowa ya sani sa'ad da ya mai da ƙaunar da mutum yake yi wa kansa mudun da zai auna wa maƙwabcinsa da shi. In mudun ya lotse, maƙwabcin ma tauyayyen awo zai samu. Uwar da ta tsani launinta ita ce ke shafa wa jaririyarta man bilicin, kuma an sami rahotannin hakan a Najeriya. Bulus a Afisawa 5 ya kafa umarnin ƙaunar mata a kan yadda mutum mai hankali yake ciyar da jikinsa yana lallashinsa. Barnad na Kilabo, a ƙarni na sha biyu, ya zayyana matakai huɗu na ƙauna: mutum ya fara da son kansa don kansa, sannan ya so Allah don amfanin da yake samu, sannan ya so Allah don Allah, a ƙarshe ya so kansa saboda Allah. A wurinsa ƙaunar kai ta gaskiya ita ce ƙololuwar tafiyar, domin mai ita yana duban kansa a matsayin mallakar wani. Toma Akwinas ma ya yi tambayar kai tsaye, ko ya kamata mutum ya ƙaunaci jikinsa, ya amsa da i, domin Allah ne ya yi shi. Abin da ake musunta shi ne taurin kai da kwaɗayi da girman kai. Jerin ayyukan halin mutuntaka a Galatiyawa 5 cike yake da gaba da kishi da hassada da tsattsaguwa, waɗanda daga zuciya suke tasowa, fata ba ta san da su ba. Bulus ɗin nan ne kuma ya gargaɗi Kolosiyawa cewa gallaza wa jiki yana da kamannin hikima amma ba ya kashe sha'awa. Tarihi ya nuna gargaɗin yana da dalili: Katarina ta Siyena, mace mai tsarki da ƙarfin hali, ta rasu a 1380 tana da shekara 33 bayan ta raunana jikinta da matsanancin ƙin abinci, duk da masu yi mata jagora sun roƙe ta ta ci.

Ƙalubale na biyu daga ɓangaren lafiya yake zuwa. Wani zai ce, in aka gaya wa mutane su karɓi jikinsu yadda yake, ba an ba su lasisin sakaci ba ke nan, alhali hawan jini da ciwon suga suna ƙaruwa a biranenmu? Amsar tana cikin 1 Korintiyawa 6, inda Bulus ya kira jikin mai bi haikalin Ruhu Mai Tsarki, ya ƙara da cewa mai bi ba mallakar kansa ba ne, an saye shi da tsada. Wanda aka ba amana ba ya wulaƙanta ta, ba ya kuma barinta ta lalace. Mai ƙiba da ya rage gishiri da mai da lemon kwalba, ya riƙa tattaki da safe, ya je a auna jininsa, yana riƙon amana ne. Bambancin yana ga dalili da kuma hanya. Wanda ƙauna ta motsa yana tambayar abin da jikinsa yake bukata don ya daɗe yana hidima. Wanda kunya ta motsa yana neman abin da zai rufe bakin mutane kafin ranar biki, shi ya sa yake haɗiyar duk abin da aka miƙo masa. Da wannan ma'auni ne kuma za a warware maganar kwalliya. Kitso da lalle da kwalli da turare da atamfa mai kyau ba su da laifi. Gargaɗin Bitrus da na Bulus a kan ado suna magana ne a kan dogara gare shi da fariya da shi, Yesu kuwa ya umarci mai azumi ma ya wanke fuska ya shafa mai. Haka likitan da ya ɗinke leɓen yaron da aka haifa da tsaga, ko ya gyara ƙafar da ta karkace, ko ya rubuta magani don ƙuraje da tabo, aikin warkarwa yake yi. Tambayoyi biyu sun isa su raba hanya: abin nan yana cutar da jikin ko yana amfanarsa? Kuma yana ƙawata abin da Allah ya bayar ne, ko yana ƙoƙarin shafe shi saboda an ɗauke shi abin kunya? Bilicin da sha-ka-fashe sun faɗi a duka biyun.

Ƙalubale na uku ya fi sauran nauyi, kuma bai kamata a amsa shi da gaggawa ba. Me za a ce wa wanda shan inna ya shanye wa ƙafa, ko mai ciwon sikila da ke kwana yana kuka da ƙashi, ko macen da doguwar naƙuda ta bar ta da yoyon fitsari, ko zabiya da rana ke ƙona shi mutane kuma suna nuna shi da baki? A ce musu jikinsu kyakkyawan aiki ne kawai, a wuce, rashin tausayi ne. Littafi Mai Tsarki bai yi haka ba. Romawa 8 ta yarda cewa halitta duka tana nishi, mu ma muna nishi muna jiran fansar jikinmu, Zabura kuma cike take da kukan marasa lafiya. Karɓar jiki bai hana mutum kuka a kan ciwonsa ba, bai hana shi neman magani ba. Abin da ya hana shi ne ɗaukar ciwon a matsayin shaidar cewa Allah ya ƙi shi. Sa'ad da almajirai suka ga wanda aka haifa makaho suka tambayi zunubin wa ya jawo, Yesu ya ture tambayar gaba ɗaya. Ya miƙa hannu ya taɓa kuturu kafin ya warkar da shi, ya kuma kira matar da ta yi shekara goma sha biyu tana zubar da jini 'yarsa a gaban taro. Yakubu ya fito daga kokawarsa da albarka da kuma ɗingishi, Bulus ya roƙi a cire masa ƙayarsa har sau uku aka bar masa ita tare da alheri. Ikkilisiya a yankinmu ta san wannan a aikace, domin a wuraren kula da kutare irin su Garkiɗa da Yadakunya da Amanawa da Ɗanja kusa da Maraɗi, da asibitin Galmi, da sashen masu yoyon fitsari na asibitin Evangel a Jos, an wanke an kuma ɗaure jikunan da danginsu suka guje su. Almasihu ya tashi daga matattu da tabon ƙusoshi a hannunsa, da su ne ma Toma ya gane shi. Agustin ya yi tunani a kan wannan har ya ce mai yiwuwa shahidai za su tashi da alamun raunukansu, sun zama musu daraja. In jikin da ya ci nasara a kan mutuwa yana ɗauke da tabo, to tabo ba ya rage darajar kowa.

Saura magana ɗaya, wadda mata da yawa za su faɗa in aka ba su dama: wa'azi yana da sauƙi, amma samari farare suke nema. Gaskiya suka faɗa, kuma a nan ne nauyin yake sauka daga kan budurwa ya hau kan al'umma. Mu ne muke yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata, mu ne muke cewa fara ko mayya ce. Mu ne muke duba kunnen jariri ranar suna don mu ga ko zai yi duhu, muke laƙaba wa yara sunaye irin su lukuta da ƙashi-da-rai muna dariya, su kuwa suna ɗauke da su har girma. Saurayin da yake jagorantar addu'a a zumuntar matasa amma ya ce shi sai fara, yana cikin masu tura 'yan'uwansa mata wurin mai haɗin man, mijin da yake gwada matarsa da hotunan waya bayan ta haifa masa 'ya'ya huɗu kuma ya saɓa wa Afisawa 5 ƙarara. Majami'u ma suna da abin gyarawa. Hoton Yesu mai farar fata da gashi mai santsi da ke rataye a gidaje da yawa ya samo tasiri sosai daga zanen da wani Ba'amurke, Warner Sallman, ya yi a Chicago a 1940, wanda aka buga ɗaruruwan miliyoyinsa; zanen mutum ne, ba hoton Bayahuden Galili ba. Yaron da ya tashi yana ganin mala'iku farare da Shaiɗan baƙi a wasan kwaikwayon Kirsimeti da littattafan makarantar Lahadi ya koyi darasin da ba a rubuta a Littafi ba. Yaƙub 2 ta haramta tara a cikin taron masu bi saboda tufafi da zobe. Wanda ya zaɓi masu tarbar baƙi ko 'yan gaban ƙungiyar mawaƙa saboda hasken fata ya faɗa cikin laifi iri ɗaya.

Don haka gyaran na kowa ne. Fastoci da dattawan ikkilisiya su yi wa'azi a kan jiki kamar yadda suke yi a kan zakka da aure, su gayyaci likitoci da ma'aikatan jinya da ke cikin taronsu su yi wa zumuntar mata da ta matasa bayanin abin da ke cikin kwalaben nan. Iyaye su kiyaye harshensu a kan kamannin 'ya'yansu, su yaba musu tun kafin waya ta fara koya musu raina kai. Maza su binciki abin da suke kira zaɓi, su ga ko nasu ne ko talla ce ta dasa musu. Wadda ta riga ta daɗe tana shafawa kada ta yanke ƙauna, kada kuma wani ya mai da ita abin nuni. Ta je wurin likitan fata, domin barin mai sitiroyid farat ɗaya yakan tayar da fata, ana bukatar a janye shi a hankali. Kai kuma mai karatu, ko wane irin jiki kake ɗauke da shi, dogo ko gajere, baƙi ko wankan tarwaɗa, mai ƙarfi ko mai ciwo, da shi aka yi maka baftisma, da shi kake karɓar Jibin Ubangiji, shi ne kuma Allah ya yi alkawarin tayarwa. Ka ciyar da shi, ka hutar da shi, ka kai shi asibiti in ya yi ciwo, ka yi wa maƙwabcinka hidima da shi, ka kuma gode wa wanda ya ba ka shi.